Abin da Ya Kwanta a Ƙasan Tukunyar Inna

Da damina tumatir yakan yi mana wuya, mu da muke zaune a tsakiyar gonakinsa. Baƙo ba ya yarda in an faɗa masa. Da rani, in an sako ruwan kanal, tun daga Kadawa har ƙauyenmu da ke bayan Kura ba abin da ido yake gani sai ja, kwanduna jere a bakin titi, wasu har su ruɓe mota ba ta zo ba. Wanda ya yi kwantai sai a tsaga shi biyu a shanya a ƙasa, ya bushe ya zama kauɗa. Ita ake adanawa. In ruwan sama ya kankama, ɗanye ya yi tsada, sai a niƙa ta a yi miya da garin.

Sana'ar Kawu ke nan. Yayan Inna ne, ciki ɗaya, kuma shi ne babba a gidansu tun rasuwar kakanmu. Yana da injin niƙa a gefen gari, yana sayen kauɗa buhu-buhu ya niƙa, a ƙulla a leda a kai kasuwanni. Garinsa ya yi suna saboda launinsa. Na sauran mutane yakan yi duhu kamar jinin da ya kwana, nasa kuwa ja wur. Ina ganin girmansa ƙwarai, don shi ya zaunar da mahaifina ya ce a bar ni in ci gaba da karatu lokacin da kowa yake ganin wanda na yi ya isa.

Karatun ne ya kai ni aiki a wani ɗakin bincike a birni, inda ake kawo mana duwatsu da ƙasa a ce mu faɗi abin da ke cikinsu. Na'urar da nake kula da ita da hasken eksire take aiki, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai dai mu ba hoto muke nema ba. Kowane ma'adini yana da yadda ƙwayoyinsa suke jeruwa a cikinsa, sahu-sahu. In hasken ya doke su sai ya watse ta kusurwoyin da jerin ya ba shi dama, na'urar ta zana layi mai tudu da kwari a kwamfuta. Zanen yashi daban, na gishiri daban, na farar ƙasa daban, kamar yadda tambarin yatsan wani ba ya zama na wani.

A wata damina na je gida hutun kwana uku. Inna ta dafa shinkafa da jar miya, muka zauna a rumfa muna ci. Sai na lura tana tauna a hankali, kamar mai tsoron kada haƙoranta su haɗu.

Na ce, "Inna, haƙori ne yake damun ki?"

Ta ce, "A'a. Garas-garas ɗin nan ne na cikin miya. In ba ki matse haƙora sosai ba, ba kya jin sa."

Ni ma na ji shi, na ɗauka tsakuwar shinkafa ce. Da muka gama na hana ta tashi, na ɗauki tukunyar na kai bakin rariya. Na zuba ruwa na girgiza, na tsiyaye a hankali. Fatar tumatir ta taso ta bi ruwa, amma wani abu ya kwanta a ƙasa, ja, ya ƙi motsi. Na murza shi tsakanin yatsuna, na ji yana da kaifi.

Inna ta leƙo ta ce, "Ƙasar shanya ce. Ko zaman birni ya sa kin manta a ƙasa ake shanya tumatir?"

Ban manta ba. Amma na san ƙasarmu. A tudu fara-fara ce mai yashi, a fadama kuma baƙa ce mai danƙo. Ban san inda jar ƙasa take a wajenmu ba. Na kwashe abin da farce na zuba a murfin kwalba, na ajiye a rana. Da ya bushe bai kai abin da za a barbaɗa a kan loma ɗaya ba. Na naɗe shi a takardar magani na sa a jaka. Ranar da zan tafi, Inna ta ƙulla mini garin kauɗar Kawu a leda, tsarabar da ta saba yi mini.

A wurin aiki akwai wani dattijo da muke kira Malam, shi ya koya mini na'urar, kuma shi ke riƙe da makullin akwatin kayanta. Da na buɗe masa takardar sai ya yi dariya.

Ya ce, "Wannan ko kaza ba za ta tsaya ta tsinta ba. Mu da muke neman rabin cokali?"

Na ce, "Shi ke nan abin da na samu, Malam. Daga tukunyar mahaifiyata ne."

Ya dube ni, ya daina dariyar. Ya buɗe akwatin ya ɗauko wani siririn bututun ƙarfe da ban taɓa ganin an yi amfani da shi ba. In an ɗaura shi a bakin na'urar, yakan matse hasken ya koma tsilli, faɗinsa bai fi na silin gashi biyu ko uku ba. Da shi ana iya auna ƙwaya ɗaya tak, har ma a auna gefe ɗaya na ƙwayar a bar ɗaya gefen. Ya gargaɗe ni cewa aikin yana cin lokaci, don abin da ƙwaya ɗaya take maidowa na haske ɗan kaɗan ne, dole a bar na'urar ta yi ta tarawa.

Rabin yini na yi ina sunkuye a kan madubin ƙara girma, ina tsintar ƙwayoyin da bakin allura. A ƙarƙashin madubin sun zama manyan duwatsu. Wasu garau kamar gilashi, waɗannan yashi ne, ban damu da su ba. Masu yawan kuwa ja ne, masu ƙananan huda a jiki, bakinsu da kaifi kamar an fasa su da guduma. Numfashi ma sai na kau da kai nake yi. Sau biyu ƙwaya tana tsalle daga bakin allurar ta ɓace a kan tebur. A ƙarshe na manna guda ɗaya a tsinin zaren gilashi, muka saita ta a tsakiyar hasken, muka rufe ƙofar na'urar. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, muka jira aka tayar da janareta, muka sake daga farko.

Washegari zanen ya fito. Akwai yashi, akwai tsatsar ƙarfe, wadda ita ce take ba ƙasa launin ja. Na ce a raina to, jar ƙasa ce daga wani gari aka sayo kauɗar, na yi wa Kawu mummunan zato a banza. Malam ya sa gilashinsa ya daɗe yana duban farkon layin, inda ya miƙe ɗoɗar babu tudu ko ɗaya.

Ya ce, "Ina yumɓun?"

Na duba. Jar ƙasar da aka ɗebo daga gona ko bakin hanya ba ta rasa alamar ɗanyen yumɓu, tudunta yakan fito a nan farko. Abu ɗaya na sani da yake shafe wannan alamar, shi ne wuta mai tsanani.

Malam ya ce, "An gasa ƙasar nan. Ko fasasshiyar tukunya ce, ko jan bulo."

 Daga nan na tuna da ledar tsarabar da ke jakata. Na kwance ta na zuba a rariya mai laushi na tankaɗe. Abin da ya rage a sama na kai ƙarƙashin madubi. Tsakanin 'ya'yan tumatir da ɓawonsa ga jajayen ƙwayoyin nan birjik, ba irin yawan da iska take kawowa ba. Wasu sun fi na tukunyar girma. Ɗaya daga ciki ta ja hankalina, don launinta biyu ne. Jikinta ja, amma gefe ɗaya shafaffe ne kamar fuskar bango, kuma a kansa akwai wani ɓawo fari mai ratsin rawaya. Na ɗauka farar ƙasa ce ko siminti. Na so in tabbatar, don in siminti ne to daga jikin gini aka fasa.

Muka manna ta, muka saita hasken a jan ɓangaren, ya ba mu abin da ya ba mu jiya. Sai Malam ya murza ɗan maɓallin da ke matsar da ita, kaɗan-kaɗan, yana kallon allo, har tsillin hasken ya sauka a kan farin ɓawon. Muka bar ta ta yini.

Zanen da ya fito ban san shi ba. Na sa kwamfuta ta laluba cikin ma'ajiyar zanukanta, ta kawo wani suna da ban taɓa cin karo da shi a aikin duwatsu ba. Na karanto wa Malam. Ya zo ya duba da kansa, ya sa aka sake lalubawa, sunan dai ya dawo.

Na ce, "Mene ne shi, Malam?"

Ya cire gilashin ya goge da bakin riga. Ya ce, "Wani gishiri ne. Ana samun sa a tsakuwar da ake cirewa daga mafitsarar marar lafiya. Ana samun sa a inda kashin dabbobi ya daɗe a jiƙe. Inda aka fi ganin sa kuwa, jikin bango ko kwata, wurin da fitsari ya shekara yana kwanciya yana bushewa." Sannan ya ƙara da cewa, "Na'ura abin da ke wurin take faɗa, 'yata. Ba ta faɗin daga ina aka ɗebo. Kada ki ɗora mata abin da ba ta ce ba."

Ba sai ta faɗa ba. A duk ƙauyenmu gini ɗaya ne na jan bulo. Gidajenmu na ƙasa ne, na masu hali kuma na bulon siminti. Shi wannan wani tsohon masauki ne da aka ce ma'aikatan da suka haƙa kanal sun zauna a ciki, tun kafin a haife ni. Rufinsa ya daɗe da yayewa. A bayansa akwai jerin makewayi guda huɗu, kuma tun da na yi wayo duk wanda ya taso daga gona ko ya sauka daga mota a nan yake tsugunawa, wasu a ciki, wasu a jikin bangon. Muna yara sai mun toshe hanci mu ruga in za mu wuce. Tsakaninsa da injin Kawu bai fi jifa ɗaya ba.

Ban kai banɗakin ofis ba, a kwandon shara na yi amai. Ina yi ina tuna yadda na suɗe cokali a rumfar Inna, ina tuna ledojin tsarabar da na riƙa raba wa maƙwabtana a birni ina yi musu alfahari da cewa na gidanmu ne. Kwana biyu ruwa kaɗai nake iya sha, shi ma sai na rufe ido.

Ranar Asabar da safe na hau mota. Da na sauka ban shiga gida ba, na zarce kangon. Bangon makewayin da na sani ya fi ni tsayi, yanzu bai wuce gwiwata ba. An bi shi an ɓamɓare layi-layi, da tsari, ba irin rushewar ruwan sama ba. Abin da ya rage na ƙasan yana nan da farin ɓawon nan a jikinsa, da kauri, wani wuri har ya yi kore. Warin bai canza ba. Sawun baro ya fita daga nan ya bi ta cikin ciyawa, na bi shi har bayan ɗakin injin. Ga tarin fasasshen bulo an lulluɓe da tsohon tamfol, ga guduma a jingine, ga wani tsohon turmi da cikinsa ya rine.

Na sami Inna tana tsintar shinkafa. Na gaishe ta, na zauna, na faɗa mata komai ban rage ba. Ba ta katse ni ba. Da na kai ƙarshe ta ajiye faifan, ta ɗauki buta ta koma bayan ɗaki. Na ji tana kurkure baki tana tofarwa, tana sakewa, har ruwan butar ya ƙare. Ta dawo idonta ya yi ja.

Ta ce, "Da shi na yi wa mai jegon gidan can miya, kwana bakwai. Da hannuna na kai mata."

Ta ɗauko gwangwanin da take ajiye garin, ta yafa mayafi, ta ce in taso.

Kawu yana zaure a kan tabarma, da rediyo a gefensa. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambaye ni aiki da mutanen birni. Inna ta ajiye gwangwanin a gabansa ta ce, "Yaya, yarinyar nan tana da magana."

Na yi bayani. Na miƙa masa takardar zanen, ya karɓa ya juya ta sama da ƙasa, ya ajiye a kan tabarma. Na yi zaton zai musanta, na ma shirya abin da zan ce in ya musanta. Sai ya buɗe gwangwanin ya ɗebi garin ya murza, ya dubi Inna.

Ya ce, "Wa ya kawo miki wannan?"

"Daga injinka aka aiko mini, kamar kullum."

Ya ce, "To kuskure aka yi. Wannan na kasuwa ne. Na gida daban yake, yana cikin ɗakina. Na ce daga can za a riƙa ɗibar miki. Ki yi haƙuri, yau ɗin nan zan sa a kawo miki mai kyau."

Ya faɗi haka da tausasawa, da gaske yana ba ta haƙuri. Warin kangon bai tayar mini da zuciya kamar wannan maganar ba. Na dubi farar rigarsa da aka sa wa shuɗi aka goge, da carbin da ke naɗe a hannunsa.

Inna ta ce, "Su na kasuwar ba mutane ba ne, Yaya?"

Ya ce, "Su suke neman ja. Ki kai musu tsantsarsa ki gani in za su taya. Wasu ma rinin tufafi suke zubawa, ni ban yi haka ba. Ƙasa ce, wuta ta gasa ta, ɗan kaɗan ake barbaɗawa. Shekara nawa ana ci, wa kika ji ya mutu?"

Na ce, "Kawu, daga bangon makewayi ake fasowa."

"Ruwan damina nawa ya wanke bangon nan?" Ya juyo gare ni sosai, fara'ar ta tafi. "Karatun da na tsaya miki a kai, ashe a kaina za ki fara gwada shi."

 Inna ta miƙe, ta bar masa gwangwanin a wurin, muka fito ba sallama.

Da yamma ta tafi gidan malamin da ke da Islamiyyar unguwarmu, wanda shi ne limamin Juma'a, kuma gonarsa tana maƙwabtaka da ta Kawu. Ban san abin da suka tattauna ba. Na dai ji cewa Juma'ar da ta biyo baya a kan algus ya yi huɗuba, a kan mai cuɗa abinci da abin da ba abinci ba ya sayar wa 'yan'uwansa. Bai kama suna ba. Mahaifina ya ce Kawu yana sahun gaba, yana gyaɗa kai a duk inda ya dace a gyaɗa. Cikin makon aka kwashe tarin bulon daga bayan injin aka cike wani rami da shi a hanyar gona, mutane suna ta sa wa Kawu albarka.

A wurin aiki kuwa, Malam ya ce in rubuta rahoto in kai wa hukumar da ke kula da abinci, shi zai sa hannu a ƙasan nawa. Na rubuta. Da na faɗa wa Inna a waya sai ta ce, "Ya daina. Kada ki kai mini ɗan'uwa gaban hukuma." Ban kai ba. Na ce wa Malam ina jiran in ƙara wasu gwaje-gwaje, ya dube ni ya ce to, bai sake tayar da maganar ba. Wannan "to" ɗin ya fi zagi ciwo, kuma na san na cancance shi.

Da damina ta zagayo na sa aka sayo mini ƙulli ɗaya na garin Kawu daga kasuwa. Ja wur, har ya fi na bara. Na tankaɗe, na duba a madubi, ban ga ƙwayar bulo ko ɗaya ba. Na zuba garin a na'ura, ta ba ni layi mai faɗi marar tudu, da ɗan yashin shanya kawai. Na ji sanyi a raina na ɗan lokaci. Sai na zuba cokali ɗaya a kofin ruwan sanyi, kafin in juya ruwan ya rine, yatsan da na tsoma ya kwana biyu da launi a gefen farce. Na'urata abin da ƙwayoyinsa suke a jere take gani. Ɗan rinin da aka jiƙa gari da shi ba ya bar mata wata alama. Aikin wani ɗakin bincike ne, da wasu na'urori, kuma ban kai musu ba.

Inna yanzu da kanta take yanka tumatirinta da rani, ta shanya a kan tabarma a saman rumfa, ta daka a turmi. Tana zuwa gidan Kawu in an yi haihuwa ko rashin lafiya, ta gaishe shi, ta zauna da matansa, amma ko ruwa ba ta sha. Su sun ɗauka wani tsohon saɓani ne na gado.

Da Sallar da ta wuce na je gaishe shi, na tarar da baƙi cike da zauren, 'yan kasuwa daga Garun Mallam. Ya nuna ni da carbinsa ya ce musu, "Ga 'yarmu, likitar duwatsu. Ni na tsaya ta yi karatu." Suka ce Allah ya yi albarka. Na durƙusa a bakin tabarma, na sunkuyar da kai, na ce, "Na gode, Kawu."